The Case of the Deadly Verdict

The Case of the Deadly Verdict kashi ne na shirin talabijin na Amurka mai suna Perry Mason, wanda ya ƙunshi labaran shari'o'in kisan kai. Shi ne kashi na 4 a zango na 7, kuma na 185 idan aka ƙirga daga farkon shirin. Tashar CBS ce ta fara haska shi ranar Alhamis, 17 ga Oktoba, 1963. Jonathan Latimer ne ya rubuta labarin, Jesse Hibbs kuma ya ba da umarni. An ɗauke shi da hoton baƙi da fari, tsawonsa kimanin minti 50.

An fi sanin wannan kashi da cewa a cikinsa ne lauya Perry Mason ya faɗi shari'a. A sauran kashi-kashin shirin, ya saba wanke wanda yake karewa kafin a kai ga yanke hukunci. A nan kuwa, tun a mintunan farko kotu ta sami wadda yake karewa, Janice Barton, da laifin kashe gwaggonta, aka kuma yanke mata hukuncin kisa alhali ba ita ta aikata ba. Sauran labarin ya tafi ne a kan yadda za a ceto ta bayan shari'a ta riga ta ƙare.

Ma'anar sunan

Kusan kowane kashi na Perry Mason sunansa yana farawa da kalmomin The Case of the, wato "Shari'ar kaza", kamar yadda sunayen littattafan da aka samo shirin daga gare su suke farawa. Ana iya fassara sunan wannan kashi da "Shari'ar hukunci mai halakarwa".

A Hausa kalmar hukunci tana ɗaukar ma'ana biyu waɗanda Turancin kotu ya raba. Akwai matsayar da ake cim ma a kan tambayar ko mutum ya aikata laifi ko bai aikata ba, ita ce verdict. Akwai kuma horon da ake ɗora masa bayan an same shi da laifi, shi ne sentence. Kalmar verdict ta shiga Turanci daga tsohon Faransancin da ake amfani da shi a kotunan Ingila, kuma tushenta kalmomin Latin biyu ne masu ma'anar "gaskiya" da "abin da aka faɗa". Asalin ma'anarta ke nan "faɗar gaskiya". A wannan labari, abin da aka faɗa a kotu da sunan gaskiya shi ne ya kusa hallaka marar laifi.

Shirin Perry Mason

Erle Stanley Gardner (1889–1970) ne ya ƙirƙiro Perry Mason. Gardner lauya ne da ya fara aiki a 1911 a jihar Kalifoniya, inda ya yi suna wajen kare talakawa, musamman baƙi 'yan China da 'yan Meziko. Littafinsa na farko a kan Mason, The Case of the Velvet Claws, ya fito a 1933, kuma ya rubuta sama da 80 a kan wannan lauya.

Shirin talabijin ɗin ya fara ranar 21 ga Satumba, 1957, ya ƙare ranar 22 ga Mayu, 1966, bayan zango 9 da kashi 271. Kamfanin Paisano Productions ne ya shirya shi, ƙarƙashin jagorancin Gail Patrick Jackson, wadda tsohuwar 'yar wasan fim ce. Da farko an riƙa ɗauko labarai daga littattafan Gardner, daga baya marubutan shirin suka riƙa ƙirƙiro nasu. The Case of the Deadly Verdict yana cikin waɗanda aka rubuta musamman domin talabijin.

Kusan kowane kashi tsari ɗaya yake bi. A rabin farko ana nuna wani mutum da ya tara maƙiya, sai a tsinci gawarsa, sai 'yan sanda su kama wanda hujjoji suka fi nunawa. A rabi na biyu a shiga kotu. Mai gabatar da ƙara na Los Angeles, Hamilton Burger, ya jero shaidu, Mason ya bi su da tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, har mai laifin gaskiya ya rikice ya amsa da bakinsa, ko yana kujerar shaida ko yana zaune cikin 'yan kallo.

Yawancin waɗannan zaman kotu ba cikakkiyar shari'a ba ce. Sauraron share fage ne, wanda alƙali shi kaɗai yake yi domin ya duba ko akwai isasshiyar hujjar da za a tura mutum gaban babbar kotu. Wannan ya sa ba kasafai ake ganin juri a shirin ba. Juri su ne mutane 12 da ake zaɓowa daga cikin jama'ar gari su saurari shari'a, su yanke ko wanda ake tuhuma ya aikata laifin. Da yake Mason yana gama aikinsa tun a share fage, waɗanda yake karewa ba sa ma kai wa ga tsayawa gabansu.

Labari

Kashin ya buɗe ne a inda sauran suke rufewa. An riga an gama sauraron shaidu, lauyoyi sun gama jawabansu, ana jiran juri su fito daga ɗakin shawara. Da suka fito, suka bayyana cewa sun sami Janice Barton da laifin kashe gwaggonta Amanda Barton, wata mace mai dukiya, da gangan. Hukuncin da ya biyo baya shi ne kisa a ɗakin iskar gas.

Abin da ya rusa kariyar Janice shi ne ƙaryar da ta yi game da inda take a daren da aka yi kisan. Ɓangaren masu ƙara sun gano ƙaryar, kuma daga nan juri suka daina yarda da duk abin da ta faɗa. Mason ya san tana ɓoye wani abu, ya matsa mata ta gaya masa gaskiya, ta ƙi. Dalilinta shi ne kare wani sirri na cikin gida wanda take ganin fitarsa zai cutar da wanda take ƙauna. Ko bayan da aka yanke mata hukuncin kisa ba ta saki wannan matsaya cikin sauƙi ba.

Mason bai rufe fayil ɗin ba. Shi da sakatariyarsa Della Street da mai bincike mai zaman kansa Paul Drake suka koma kan hujjojin tun daga tushe. Tambayar da suka sa a gaba ita ce wa zai amfana da mutuwar Amanda, kuma wa zai ƙara amfana idan aka kashe Janice. A dokar Amurka wanda ya kashe mutum ba ya cin gadonsa, don haka samun Janice da laifi yana nufin rabonta zai koma hannun sauran dangi. Wannan ya sa kowane magaji ya zama abin zargi.

A ƙarshe aka gano cewa Christopher Barton, ɗaya daga cikin dangin, shi ne ya yi kisan, kuma ya yi shigar mata domin a ɗauka mace ce ta aikata. Asirinsa ya tonu ne ta hanyar tarkon da aka ɗana masa a wajen kotu, saɓanin yadda aka saba gani a shirin. Da haka aka wanke Janice kafin a zartar mata da hukuncin.

'Yan wasa

Raymond Burr (1917–1993) a matsayin Perry Mason. Haifaffen Kanada ne, kuma ya ci kyautar Emmy sau biyu saboda wannan rawa, a 1959 da 1961.

Barbara Hale (1922–2017) a matsayin Della Street. Ita ma ta ci Emmy a 1959.

William Hopper (1915–1970) a matsayin Paul Drake.

William Talman (1915–1968) a matsayin Hamilton Burger.

Julie Adams (1926–2019) a matsayin Janice Barton. An fi saninta da fim ɗin Creature from the Black Lagoon na 1954.

Steve Franken a matsayin Christopher Barton. Masu kallo na lokacin sun san shi a wasan barkwanci na The Many Loves of Dobie Gillis, inda yake fitowa a matsayin ɗan masu kuɗi mai girman kai.

Marubucin kashin, Jonathan Latimer, tsohon ɗan jarida ne a Chicago wanda ya koma rubuta littattafan bincike da labaran fim, kuma yana cikin waɗanda suka fi rubuta wa shirin labarai. Jesse Hibbs kuwa ya ba da umarni a kashi da dama na Perry Mason, har da na ƙarshe a 1966.

Abin da ya bambanta shi da sauran

Zuwa 1963 an shekara shida ana kallon Mason yana cin nasara kowane mako, har abin ya zama na ba'a. Ana tambayar yadda aka yi Burger bai rasa aikinsa ba alhali kullum mutumin da ba shi da laifi yake gurfanarwa. A lokaci guda kuma, ita kanta CBS tana haska wani shirin lauyoyi, The Defenders (1961–1965), wanda E. G. Marshall da Robert Reed suka fito a matsayin uba da ɗa. Lauyoyin wancan shiri suna faɗuwa shari'a, kuma yana taɓo batutuwa masu nauyi irin su hukuncin kisa. Idan aka jera su, Perry Mason ya fi kama da wasan wasa ƙwaƙwalwa.

The Case of the Deadly Verdict ya juya tsarin da aka saba. Babu gawa a farko, babu doguwar tambayar shaidu, kuma babu mai laifin da ya miƙe a kotu yana kuka yana amsa laifi. An nuna Mason cikin damuwa, yana tuhumar kansa ko akwai abin da ya kuskure masa. Makamin da ya fi ƙwarewa a kai, wato yi wa shaida tambayoyi, ba shi da amfani a nan domin an riga an sallami shaidu.

Wani abin lura shi ne, labarin bai ɗora laifin a kan alƙali ko juri ko mai gabatar da ƙara ba. Babu wanda ya karɓi cin hanci, babu wanda ya karya doka. Kowa ya yi aikinsa da hujjar da ke gabansa, duk da haka sakamakon ya fito ba daidai ba. Abubuwa biyu ne suka haifar da hakan: shaidar ido wadda aka yaudara da sutura, da ƙaryar wadda ake tuhuma. Dukansu sanannun abubuwa ne a shari'o'in gaske. Kuskuren shaidar ido yana cikin manyan dalilan da ake ɗaure marasa laifi, kamar yadda shari'o'in da gwajin ƙwayoyin halitta na DNA ya warware a Amurka tun daga 1989 suka nuna. Ƙarya guda ɗaya kuma, ko a kan abin da bai shafi laifin ba, takan sa mai sauraro ya yi watsi da sauran maganar mutum ko da gaskiya ce.

Ta fuskar aikin lauya, kashin ya nuna amfanin ƙa'idar sirri tsakanin lauya da wanda yake karewa. Doka ta hana a tilasta wa lauya ya bayyana abin da aka gaya masa a asirce, domin mutum ya saki jiki ya faɗi komai. Da Janice ta gaya wa Mason gaskiya tun farko, da ya san inda raunin shari'ar yake, ya gina kariyarsa yadda masu ƙara ba za su yi masa ba-zata ba.

Hukuncin kisa a Kalifoniya a lokacin

Ga masu kallo na 1963, ɗakin gas ba tatsuniya ba ne. Jihar Kalifoniya ta fara zartar da hukuncin kisa da iskar gas a kurkukun San Quentin a 1938. Mata huɗu aka kashe a wannan ɗaki: Juanita Spinelli a 1941, Louise Peete a 1947, Barbara Graham a 1955, da Elizabeth Ann Duncan a watan Agustan 1962, wato wata 14 kacal kafin a haska wannan kashi. Labarin Barbara Graham ya zama fim mai suna I Want to Live! a 1958, wanda Susan Hayward ta ci kyautar Oscar da shi. Kisan Caryl Chessman ranar 2 ga Mayu, 1960, bayan ya shafe kusan shekara 12 yana jiran hukunci, ya jawo zanga-zanga a ciki da wajen Amurka.

A dokar jihar, duk wanda aka yanke wa hukuncin kisa ƙararsa tana tafiya kai tsaye zuwa Kotun Ƙoli ta Kalifoniya, ko bai nema ba. Sai dai kotun ɗaukaka ƙara ba ta sake sauraron shaidu. Abin da take dubawa shi ne ko an tafka kuskuren doka a lokacin shari'a. Idan shari'ar ta bi ƙa'ida, kamar yadda ta Janice ta bi, hanyar da ta rage ita ce a kawo sabuwar hujja mai ƙarfi, ko gwamna ya yi sassauci. Wannan ne ya sa Mason ya koma neman mai laifin da kansa.

Gardner da waɗanda aka ɗaure bisa kuskure

Batun ɗaure marar laifi ya daɗe yana damun Gardner. A 1948 ya kafa wata ƙungiya mai suna Court of Last Resort tare da haɗin gwiwar mujallar Argosy. Ƙungiyar ta haɗa lauyoyi da likitoci da masu bincike, suna sake duba shari'o'in fursunonin da suka ƙare duk hanyoyin ɗaukaka ƙara kuma suna cewa ba su da laifi. Ɗaya daga cikin shari'o'in da suka sa shi a wannan hanya ita ce ta William Marvin Lindley, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a Kalifoniya. Gardner ya karanta bayanan shari'ar, ya nuna cewa shaidun ba su dace da juna ba, Gwamna Earl Warren ya mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai. Littafin da Gardner ya rubuta a kan wannan aiki a 1952 ya ci kyautar Edgar.

Shi wannan Earl Warren shi ne Alƙalin Alƙalan Amurka a ranar 18 ga Maris, 1963, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Gideon da Wainwright cewa dole jihohi su samar wa talaka lauya idan ana tuhumarsa da babban laifi. Kafin wannan rana, a wasu jihohi mutum yakan tsaya gaban juri shi kaɗai. Janice Barton ta labari tana da lauya da mai bincike waɗanda suka ci gaba da aiki bayan an yanke hukunci, abin da mafi yawan fursunonin da Gardner ya riƙa karɓar wasiƙunsu ba su samu ba.

Sauran shari'o'in da Mason ya faɗi

Ko da yake wannan kashi ne ake ambata, ba shi kaɗai ba ne kotu ta juya wa Mason baya. A The Case of the Terrified Typist na 1958, juri sun sami wanda yake karewa da laifi, sai daga baya ta bayyana cewa mutumin sojan gona ne da ya ari sunan wani. A The Case of the Witless Witness na 1963 da The Case of the Dead Ringer na 1966, ya faɗi ƙararrakin da ba na kisan kai ba a farkon labari. Abin da ya keɓe The Case of the Deadly Verdict shi ne, a cikinsa ne aka yanke wa marar laifi hukuncin kisa Mason yana tsaye a gefenta.

Kwatanci da tsarin Najeriya

A kotunan Najeriya na yau ba a amfani da juri. Alƙali ne yake auna shaidu, shi ne kuma yake fassara doka. A jihar Jigawa, misali, wanda aka kama a Gwaram bisa zargin kisan kai ana iya fara kai shi gaban majistare, amma majistare ba shi da hurumin yanke irin wannan shari'a, sai Babbar Kotun jiha, ko ta zauna a Dutse ko a Birnin Kudu. Daga nan akwai damar zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, sannan Kotun Ƙoli. Ba a zartar da hukuncin kisa sai gwamna ya sa hannu, kuma sashe na 212 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba shi ikon yin afuwa ko sassauci.

Haɗarin gaggawar zartar da hukunci ya taɓa bayyana a shari'ar Nasiru Bello, wanda aka kashe a jihar Oyo bisa laifin fashi da makami alhali ƙarar da ya ɗaukaka ba a saurare ta ba. Iyalinsa suka kai ƙara, kuma a 1986 Kotun Ƙoli ta Najeriya ta yanke cewa kisan ya saɓa wa doka.

Ƙa'idar hana mai kisa cin gadon wanda ya kashe, wadda labarin ya dogara a kanta, sananniya ce a fiƙihun Musulunci, inda kisa yake cikin abubuwan da ke hana gado. Ta fuskar wasan kwaikwayo kuwa, masu kallon talabijin a Kano sun san wasan kotu na Kuliya Manta Sabo, wanda sunansa kirarin alƙali ne. A can alƙali ne jigon wasa, shi ke tambaya shi ke warware rikici, yayin da a Perry Mason alƙali yana gefe, lauya ne ke jan ragamar labari.

Bayan haska shi

An ci gaba da maimaita Perry Mason a tashoshin Amurka shekaru da dama bayan ya ƙare. Raymond Burr da Barbara Hale sun dawo da rawarsu a finafinan talabijin na tashar NBC daga 1985, Burr ya fito a 26 daga ciki kafin rasuwarsa a 1993. A 2008 an saka wannan kashi cikin zaɓaɓɓun da aka fitar a faifan DVD na cikar shirin shekara 50. A 2020 tashar HBO ta fito da sabon Perry Mason, Matthew Rhys ne ya hau rawar.

A watan Yulin 2009 sunan kashin ya sake fitowa a labarai, lokacin da kwamitin shari'a na Majalisar Dattawan Amurka yake tantance Sonia Sotomayor domin zama mai shari'a a Kotun Ƙoli. Sotomayor, wadda ta tashi a unguwar Bronx ta birnin New York, ta ce kallon Perry Mason tana yarinya yana cikin abin da ya sa ta zama mai gabatar da ƙara. Ta ce halin Burger ne ya burge ta, domin yana ɗaukar wanke marar laifi a matsayin wani ɓangare na aikinsa. Sanata Al Franken na jihar Minnesota ya tambaye ta wace shari'a ce Mason ya faɗi, ta kasa tuna sunan, aka yi dariya a zauren. Daga baya kafofin yaɗa labarai suka kawo amsar, wato The Case of the Deadly Verdict. Steve Franken, wanda ya fito a matsayin mai kisan a wannan kashi, dangin sanatan ne. Majalisar ta amince da naɗin Sotomayor ranar 6 ga Agusta, 2009.